Bangon Mujalla Ma Shaida Ne, A Daina Ƙunsa Tsire Da Shi

Jama'a, akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masu tara tsofaffin mujallu a Amurka da ƙasashen Turai, wadda na ga ya kamata in kawo ta wannan fili, domin ta shafe mu, mu 'yan Arewa mazauna Kudu, fiye da yadda za a zata. Gardamar kuwa a kan mujallun nan ne na labarun jarumai masu farautar 'yan fashi da masu kisan kai, waɗanda aka yi yayinsu a Amurka kafin yaƙin duniya na biyu, sa'an nan waɗansu ƙasashe suka ɗauka suka sake bugawa da harsunansu, da sabon zane a bango. Waɗansu sun ce bugun Amurka shi ne na ainihi, sauran duk tsintacciyar mage ce, ba ta mage. Ni kuwa ina ganin sun yi kuskure. Bugun waje, musamman bangonsa, ya fi na asalin ba da labari, gama shi ke nuna abin da ya sami jarumin bayan ya bar gida ya zama baƙo. Mu kuwa ba sai an koya mana baƙunci ba.

Bari in fara da bayanin irin mujallun da nake nufi, saboda yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu. Amurkawa suna ce musu pulp, watau sunan dagwalon katakon da ake yin takarda mafi arha da shi. Takarda ce mai kaushi, ba ta daɗewa sai ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa a hannu kamar ƙanzo. Wani Frank Munsey ne ya buɗe wannan kasuwa cikin 1896 da mujallarsa Argosy, kafin a kai 1930 abin ya zama ruwan dare. Yawancinsu shafi 128 ne, a sayar senti 10, kuɗin da ko lebura yana iya fitarwa a shekarun nan na fatara da suka biyo bayan karyewar kasuwar hannun jari ta 1929. Abu guda kaɗai ake kashe wa kuɗi, shi ne bango. Shi ake yi wa takarda mai sheƙi, a zuba masa ja da rawaya, domin a rumfar mai jarida mujallu ne rututu a rataye, kowace tana neman idon mai wucewa, mai wucewa kuwa sauri yake yi kada jirgi ya bar shi.

Babba cikin jaruman nan shi ne The Shadow. Da farko murya ce kawai a rediyo. Cikin 1930 kamfanin Street & Smith na birnin New York ya sa wani shiri don tallar mujallarsa ta labarun 'yan sandan ciki, aka samo mai gabatarwa mai dariya mai ban tsoro, aka laƙaba masa wannan suna. Sai mutane suka riƙa zuwa wurin masu jarida suna cewa a ba su mujallar Shadow, alhali kuwa babu ita. Da kamfanin ya ga haka, sai ya ɗauko wani ɗan jarida mai sha'awar dabo, Walter Gibson, ya ce ya ƙago mutumin. Fitowa ta farko ta bayyana a watan Afrilu na 1931, da sunan aro Maxwell Grant. Daga nan har 1949 an buga labari 325, Gibson shi kaɗai ya rubuta 282, akwai shekarun da yake ba da littafi biyu kowane wata. To, ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Kamfanin bai yarda ya biya kuɗin sabon zane don fitowar farko ba, tun da bai san ko abin zai karɓu ba. Sai aka buɗe ma'aji aka ɗauko wani tsohon zane na 1919, na wani mutumin Sin da inuwarsa a bayansa, aka ce da Gibson ya san yadda zai yi ya shigo da Sinawa cikin labarinsa. Haka kuwa ya yi. Watau tun ran farko bango ne a gaba, labari yana biye.

Da aka ga Shadow ya ci kasuwa, sai ƙannensa suka yi ta fitowa. Cikin 1933 aka haifi Doc Savage, wanda ya yi fitowa 181, da The Spider, mai fitowa 118. Masu zanen bangon nan ƙwararru ne, irin su George Rozen, wanda ya tabbatar wa Shadow baƙar malfarsa da hancin nan kamar bakin shaho, da Walter Baumhofer, wanda ya fara zana Doc Savage. Kuma ba kullum suke bin abin da marubuci ya faɗa ba. A cikin labari Spider yakan sa haƙoran ƙarya masu tsini da gashin aro, ya yi doro don ya firgita miyagu, amma a yawancin bangwayen sai ka ga tsayayyen namiji da ɗan ƙyalle a ido. Hakanan Doc Savage mai gashi kamar hular kwano, James Bama ne ya ƙaga shi sa'ad da kamfanin Bantam ya fara sake buga labarun cikin 1964. Wanda ya karanta na 1933 da wanda ya karanta na 1964 labari ɗaya suka karanta, amma in ka ce su kwatanta maka jarumin, sai ka rantse mutum biyu ne.

In haka ta faru a cikin gida, ina ga an ƙetare teku? Tun kafin a haifi Shadow aka fara wannan fatauci. Nick Carter, ɗan sandan cikin da Street & Smith suka fito da shi cikin 1886, ya isa Jamus cikin 1906 ta hannun wani mai maɗaba'a a birnin Dresden, ana ce masa Eichler, shekara na zagayowa ya shiga Faransa. Ya karɓu ƙwarai, har Jamusawa suka ga ai su ma suna iya ƙera nasu. Cikin 1907 wani kamfani a Berlin ya fara fitar da labarun Sherlock Holmes na ƙarya, waɗanda ba Conan Doyle, mai Holmes ɗin, ya rubuta ba. Da masu haƙƙin littafin suka ta da ƙura, aka cire sunan daga kan bango, aka ci gaba har fitowa 230, zuwa 1911. Labarun dai ba su da wani armashi. Amma bangwayen, waɗanda wani Alfred Roloff ya zana, kai, sai wanda ya gani. Kowane ɗaya yana nuna wani tashin hankali da zai tsai da kai ka ce, me ya kawo wannan?

Bayan shekara 16, cikin 1927, wani kamfani a Holan ya tono su ya sake bugawa da harshen ƙasar, ya sauya wa jarumin suna ya koma Harry Dickson, wai Sherlock Holmes na Amurka. Daga nan aka ce a juya su zuwa Faransanci, aka fara cikin 1929, aikin fassarar ya faɗa hannun wani mutumin Ghent ta ƙasar Beljiyam, wanda duniya ta sani da suna Jean Ray. Ya yi ta fassara har raunin labarun ya gundure shi, sai ya ture su gefe. Amma ba shi da ikon ture bangon, gama zanen yana nan a hannun kamfani, da shi za a buga. Saboda haka sai ya riƙa ajiye zanen Roloff a gabansa, ya dube shi, ya ƙago sabon labari ɗungum wanda zai dace da abin da ke cikin hoton. Jerin ya kai fitowa 178 kafin ya tsaya cikin 1938, kuma fiye da 100 daga ciki ana lissafa su aikin Jean Ray ne. An sha sake buga su a ƙasashen da ke jin Faransanci, masana suna nazarinsu, su kuwa marubutan Jamus na farko ba mai tunawa da su. To, ina tambayar masu cewa bugun waje jabu ne: a nan wanne ne na ainihi? Zanen Bajamushe, sunan da aka raɗa a Holan, jarumi wai Ba'amurke mazaunin Landan, alƙalamin ɗan Beljiyam. A cire ɗaya a gani in abin zai tsaya.

A Ingila kuwa yaƙi ne ya yi aikin. Kafin 1939, kwantan mujallun Amurka, watau waɗanda ba a sayar ba a can, ana loda su cikin jiragen ruwa a matsayin kayan nauyi, irin wanda ake zubawa a gindin jirgi don kada ya yi tangaɗi. In sun iso sai a zube su a kantunan Woolworth a sayar taro-taro. George Orwell ya yi maganarsu cikin rubuce-rubucensa, bai kuwa yabe su ba. Da yaƙi ya ɓarke, wuri a jirgi ya zama na abinci da makamai, takarda kuma ta koma sai da rabo. Sai kamfanoni irin su Atlas na Landan suka duƙufa wajen buga nasu. Mujalla ta rame ta koma wajen rabi, aka zubar da waɗansu labarun, aka cire tallace-tallacen Amurka, farashi ya koma da kwabo. Bangon ma sau da yawa sake zana shi ake yi. Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya taɓa leƙa maɗaba'a irin ta da: kowane launi da farantinsa na ƙarfe, ja daban, rawaya daban, shuɗi daban, baƙi daban. Da a jira farantan nan su zo daga New York a tsakiyar yaƙi, gara a miƙa wa wani mai zane na gida kwafi guda a ce ya kwaikwaya. Shi kuwa mai kwaikwayo, komai ƙoƙarinsa, hannunsa sai ya nuna. Fuska ta ɗan sauya, kayan da ke baya su ragu, launi ya dushe. In ka jera biyun, na Amurka da na Ingila, kana ganin ƙasar da ke cikin yalwa da wadda ke sayen abinci da kati.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Sifen. Kamfanin Molino na birnin Barcelona ya fara fitar da jerin da ya kira Hombres Audaces, watau mazaje marasa tsoro, cikin 1936, har da Doc Savage, da Shadow wanda ya koma La Sombra. A watan Yuli na shekarar nan yaƙin basasa ya tashi a ƙasar. Mai kamfanin, Pablo del Molino, ya haye teku ya buɗe reshe a Buenos Aires ta Ajantina, aka ci gaba da buga jaruman daga can. Saboda haka in ka ɗauki La Sombra ka duba garin da aka buga ta, ka duba farashin da ke kan bango, ko kuɗin Sifen ne ko na Ajantina, kana riƙe da tarihin mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu. Wannan kuwa babu shi a bugun New York, komai tsabtarsa, komai tsadarsa.

Wani abu kuma da masu raina bugun waje ba su lura da shi ba, shi ne makaranta ce. Masu fassarar nan a bakin aiki suka koyi yadda ake ɗaure mai karatu. José Mallorquí, ɗaya daga cikin masu yi wa Molino fassara, shi ne daga baya ya ƙago El Coyote, jarumi mai rufe fuska wanda ya mamaye Sifen daga 1944, har shi ma aka yi fataucinsa zuwa Jamus da Finlan. A Turkiyya, sa'ad da Mickey Spillane ya dakatar da labarun Mike Hammer bayan 1952, masu karatu kuma suna nema, babban marubucin nan Kemal Tahir, wanda ke fassara su, sai ya zauna ya rubuta sababbi da sunan aro, aka buga da Mayk Hammer a bango. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kowa ya san Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarun Magana Jari Ce da dama daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da wando na gida, ba kuwa wanda ya isa ya ce littafin nan ba namu ba ne.

Sunan ma abin dubawa ne. Shadow ya zama O Sombra a Barazil, Doc Savage kuma an taɓa mai da shi Franck Sauvage a Faransa. Baƙo ba shi ke zaɓen sunan da za a kira shi da shi ba, kamar dai yadda duk wanda ya gangaro daga Arewa, ko Bello ne ko Garba, ko daga Yola ko daga Argungu, da ya sauka Ikko ya zama Aboki. Nakan yi dariya in na tuna, da a ce wani ya juya mujallun nan da Hausa a wancan zamani, da Shadow ya zama Inuwa, Spider kuma Gizo. Wa zai ji tsoron Malam Inuwa? Gizo kuwa, mijin Ƙoƙi, ai shi za a fara kamawa in an yi sata.

Na san abin da waɗansu dattawa da malamanmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce me ke cikin takardun nan in ban da bindiga, da jini, da mata rabin tsirara? Ba su suka fara faɗa ba. Majalisar Jamus ta kafa doka cikin 1926 don tsare yara daga irin waɗannan littattafai, ta kira su shara da ƙazanta. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Bangwaye da yawa na shekarun 1930 cike suke da wulakanta jinsin mutane. Mutumin Sin mugu ne mai dogayen farata, har akwai mujallu sukutum, irin su The Mysterious Wu Fang, da aka gina a kan wannan tsoro. Baƙar fata kuwa, a mujallu irin su Jungle Stories, in ba ɗan dako ba ne to mai mashi ne, yana zagaya Baturiya a ɗaure, har wani Bature ya diro daga bishiya ya kashe shi. Ba na wanke wannan, ba kuma na cewa a miƙa wa yaro.

Amma fa ajiyewa daban, yabawa daban. Alƙali yana ajiye wuƙar da aka yi kisa da ita, ba don yana sonta ba. In wani ya tashi gobe ya ce ai Turawa ba su taɓa koya wa 'ya'yansu raina baƙar fata ba, wace hujja ta fi bangon mujallar da aka sayar wa ɗan makaranta taro? Littattafan manya suna iya lulluɓe magana da ladabi. Mujallar kasuwa ba ta da wannan kunyar, abin da mai saye yake so shi take zanawa. Bugun waje kuma ya ƙara da nuna abin da kowace ƙasa ta haɗiye da abin da ta tofar, inda aka ƙara wa mace riga, da inda aka bar cin mutuncin baƙar fata yadda yake don ba wanda ya ga laifinsa.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne wannan igiya ta iso har nan. Wanda ya yi makaranta ko aikin ofis ko soja a Ikko da Badun da Kaduna a shekarun 1960 zuwa 1980 ya san James Hadley Chase, da bangwayen nan na bugun Ingila, mace da bindiga. Shi kansa Chase irin abin da muke magana ne. Baturen Landan ne mai suna René Raymond, ɗan kasuwar littattafai, wanda ya rubuta littafinsa na farko cikin salon Amurka, aka buga cikin 1939, da taimakon taswira da ƙamus na maganar 'yan tashar Amurka, alhali bai taɓa taka ƙasar ba a lokacin. Nick Carter ma ya dawo cikin 1964 da sabuwar riga ta ɗan leƙen asiri, ya zagaya makarantun kwana hannu da hannu har bango ya fita. Daga 1977 kuma kamfanin Macmillan ya fito da jerin Pacesetters, inda 'yan ƙasa irin su Mohammed Sule na Kano suka karɓi alƙalamin.

Amma uban tafiya shi ne Spear, watau Lance Spearman na mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya fitar daga 1968 zuwa 1972, lokacin ana ciniki da sule da sisi, naira ba ta zo ba. Hotunan mutane ne ake ɗauka a jera, a rubuta maganarsu a kai, kamar silima a takarda. Spear da malfarsa, da ɗan laktayen nan mai kama da malam-buɗe-littafi, da sigari a baki. Ga Kyaftin Victor, ga Sonia, ga yaro Lemmy, ga mugun nan Rabon Zollo. Jikan Nick Carter ne ba shakka, amma baƙi ne, a birnin baƙaƙe, shi ke tuƙa mota, shi ke kama ɓarawo. Ga yaron da ya saba ganin mai kama da shi riƙe da mashi a bangon mujallar Turawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ga inda shaidar takarda take da amfani. A Afirka ta Kudu ake shirya shi, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, kuma masu shi sun yi hattara ƙwarai kada hotunan su nuna haka: birnin ba shi da suna, siyasa babu. A can sunan mujallar Spear, a nan da Afirka ta Gabas kuwa African Film. Masu karatu da yawa sun ɗauka ɗan gida ne. Wani masani Bajamushe, Matthias Krings, wanda ya yi bincike a Kano ma, ya kawo wannan tarihi cikin littafinsa na 2015. Abin tambaya shi ne, in ɗalibi daga Zariya ko Nsukka ya so ya duba da idonsa, ya bi fitowa ɗaya bayan ɗaya, ina zai dosa?

Kada mu ce Turawa sun fi mu hankali a nan, su ma sun yi wautar. Street & Smith sun rufe mujallun jarumansu cikin 1949, kamfanin Condé Nast ya saye su cikin 1959, kuma akasarin zanen asali na irin waɗannan kamfanoni a bola suka ƙare ko a wuta, gama ba wanda ya ɗauke su aikin fasaha. Kaɗan ne suka tsira, ta hannun mutane irin su Robert Lesser, wanda ya yi shekaru yana bi yana saye, daga baya ya ba wani gidan ajiyar zane a garin New Britain ta jihar Connecticut. Yau irin abin da aka zubar jiya ana gwanjonsa da tsada. Mu kuwa a Kudu ga laima, ga gara, ga kyankyaso, ga ambaliya duk damina, ga ƙaura daga wannan ɗakin haya zuwa wancan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku a ajiye, amma ba ta hau kan abin da aka shigo da shi daga waje ba, ballantana kwantan da ya zo a buhu.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Wa ke bi lungu-lungu da kura a Agege da Mushin da Ajegunle yana sayen tarkace? 'Yan'uwanmu ne 'yan gwangwan. In tsohon malamin makaranta ko tsohon akawu ya rasu a Surulere ko Mokola, 'ya'yansa suka share ɗaki, a hannun wa buhun takardunsa ke faɗawa? A hannunmu, bisa sikeli, da kilo. Daga nan kuma sai teburin mai tsire, wanda shi ma namu ne. Watau sau da yawa, tsakanin akwatin mamaci da wuta, hannu na ƙarshe da takardar nan ke bi na ɗan Arewa ne. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ya zama mai gadin tarihi ba, ban kuma yi wa kowa alkawarin arziki ba, gama kwafin da ya yage ko ya sha ruwa ba shi da wani kuɗi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka zazzage buhu ka ga mujalla mai launi a bango, da farashi na sule ko kwabo a kusurwa, ware ta. Nauyinta a sikeli bai kai na murfin tukunya ba. Ka gwada masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba kafin ka sayar da ita a kilo, akwai kuma masu nema ta intanet.

Sarakunan Hausawa na zango-zango da ƙungiyoyin matasanmu suna iya ware akwatin ƙarfe guda a ofishinsu don wannan, a riƙa tarawa. In ya cika a nemi sashen tarihi ko ɗakin karatu na jami'ar da ke kusa, a ba su bisa sharaɗin su ɗauki hoton kowane shafi su bar wa jama'a su gani. Wanda kuma yake da nasa a gida, gadon uba ko na yaya, don Allah kada ya yanke bangon ya manna a garu, gama a shafin ciki ne ake samun garin bugu da shekara da sunan maɗaba'a. Kada a liƙe yagewa da salatif, yana cin takarda ya bar tabo. Kada a ƙulle a leda a ɗaki mai laima, fumfuna za ta kama. A kwantar da su, a sa farar takarda tsakani, a ɗora bisa kabad nesa da ƙasa da rana. In ka san inda aka saye ta da wanda ya karanta ta, rubuta a wata 'yar takarda da fensir ka saka a ciki.